Mashin Mai Azumin Litinin da Alhamis

Wata huɗu ke nan da tarewar Maijidda a gidan Malam Zailani da ke Kwarbai, amma duk maganar da ta taɓa shiga tsakaninta da surukin nata ba ta wuce "ina kwana, Baba" da "sannu da dawowa, Baba" ba. Su ɗin ma a durƙushe take yin su, daga nesa, idonta a ƙasa. Shi kuma ya amsa yana kallon bango, kamar bangon ne ya gaishe shi. In yana da saƙo gare ta, matarsa yake ba wa, ko da kuwa Maijidda na tsugune taku uku daga ƙafarsa.

"Hajo, a gaya wa yarinyar nan miyar jiya ta yi daɗi."

Inna Hajo, wadda ba ta barin magana ta wuce ba ta sa mata gishiri ba, sai ta waiwayo ta ce, "To, yarinyar nan, an ce a gaya miki. In ba ki ji ba, in aiko miki da wasiƙa."

Maijidda ta rufe fuska da gefen mayafi ta gudu madafa. Haka ta taso ta ga ana yi a gidansu na Gyallesu, haka kuma ta zo ta tarar. Mijinta Nafi'u malamin makaranta ne, an tura shi Kafanchan, sai ƙarshen wata yake leƙo gida. Don haka su uku ne a gidan, sai awaki biyu, sai jan mashin ɗin Malam da ke kwana a zaure.

Malam Zailani bakaniken mashin ne, shagonsa na kusa da Ƙofar Doka shekara arba'in da ɗoriya. Amma da kunne ya yi suna. In aka kawo masa mashin ba ya tambayar me ya same shi. Cewa yake, "Tayar da shi." Ya lumshe ido, ya karkata kai, ya ce, "Bawul ne," ko "Sarƙar ciki ce ta saki." In ciwon ya ɓuya, ya ɗauko doguwar sukundirebarsa mai jan mariƙi, ya ɗora bakinta a jikin inji, ya manna kunnensa a mariƙin, kamar likita da ƙirjin mara lafiya. Daga Tukur-Tukur har Sabon Gari, in mashin ya gagari kowa, cewa ake a kai wa Zailani Mai Kunne.

Tun da Maijidda ta karɓi girki, ita ke zuba masa abincin rana. Da, a tsohon kwanon samira Inna Hajo ke ɗaure masa da ƙyalle. Maijidda ta ga hakan bai dace da babban mutum ba, ta ciro sabuwar kula koriya mai murfin murɗawa daga cikin kayan ɗakinta, wadda gwaggonta Mero ta ba ta. Malam ya ji daɗin abin, har ya sa aka gaya mata. Kullum da safe sai ya ɗora kular a kan ɗan ƙarfen ɗaukar kaya da ke tsakanin ƙafafun mai tuƙi, ya ɗaure da igiya, ya yi bisimilla ya tafi.

To, ana tsakiyar damina sai mashin ɗinsa na kansa ya fara wani kuka.

Kuka ne ɗan siriri, cii-cii-cii, kamar na ɗan tsakon da ya ɓace wa uwarsa. Da ya tayar da mashin da safe sai ya soma, ya raka shi har Ƙofar Doka. In ya isa ya kafe mashin, ya shiga shago ya ajiye kayansa, ya ɗauko sukundireba ya fito ya sake tayarwa, sai tsit. Injin ya yi ta aikinsa lafiya lau kamar bai san zancen ba. Da yamma in ya kamo hanyar gida, kukan ya dawo.

Ya canza filogi. Ya zuba sabon baƙin mai. Ya kwance kafireta ya wanke, ya bi kowane noti ya ɗaure, ya shafa giris duk inda giris zai shiga. A mako na uku ya sauke injin gaba ɗaya, ya baje shi a kan buhu, ya duba kayan ɗaya bayan ɗaya, bai ga komai ba, ya mayar. Washegari da safe, cii-cii-cii.

Ɗakin Maijidda bango ɗaya ne da zaure, kuma akwai 'yar taga can sama, saboda haka hirar da dattawa ke yi a zauren kafin magariba tana shigo mata ko ba ta nema ba. Wanda ba ya fashin zuwa shi ne Malam Hamisu, mai sayar da littattafan addini a hanyar kasuwa, taubashin Malam Zailani, wanda tun suna yara ba shi da aikin da ya fi tsokanarsa.

Wata Alhamis ta ji muryarsa yana cewa, "Mai Kunne, yau ɗan tsakon naka ya yi kuka?"

"Yau bai yi ba."

"Jiya fa?"

"Jiya ya yi."

"Tsaya tukuna. Yau Alhamis. Ran Litinin ma ka ce bai yi ba. Juma'ar da ta wuce ka goya ni zuwa masallaci, ban ji komai ba." Malam Hamisu ya tafa hannu. "Allahu akbar! Zailani, ai wannan ba ciwo ba ne. Mashin ɗinka tuba ya yi. Litinin da Alhamis yana azumi, ran Juma'a yana sauraron huɗuba, sauran ranakun kuma tasbihi yake."

"Hamisu, ka fita idona."

"Ni shawara ce tawa. Shekara goma sha bakwai kana hawansa, ga shi ya riga ka shiryuwa. Ka kawo shi shago in zaɓa masa littafi."

Zauren ya ɗauki dariya. Wani ya ce a yi wa mashin ɗin rubutu a zuba a tanki. Malam Zailani ya ce, "Ruwa a tanki? Wato so kuke ku ƙarasa min shi." Maijidda ta danna fuskarta a matashi, don kada a ji dariyar amarya ta taga.

Sai dai abin bai daɗe yana ba ta dariya ba. Kula ta fara dawowa da rabin abinci. Malam, wanda yakan shigo gida da sallama mai ƙarfi har awaki su amsa, ya koma shigowa a hankali. Wani yammaci tana shara a tsakar gida ta ji shi yana magana da matarsa a ƙarƙashin rumfa, murya ƙasa-ƙasa.

"Hajo, kin tuna Baffana yana kamar shekaruna ya kurumce?"

"Ni ban ga alamar kurumta a jikinka ba. In na ce indararo ya karye ba ka ji, in na ce ga abinci kana ji."

"Ba wasa nake ba. Ina jin kukan nan, amma na kasa gane inda yake fitowa. Da, mashin zai wuce a titi in gaya miki abin da ke damunsa. Yau ga nawa a tsakanin ƙafafuna ya gagare ni. In kunnen nan ya tafi, me zan je yi a shago? Mutum ya kawo min abin hawansa in tsaya ina lalube?"

Maijidda ta ci gaba da share wurin da ta riga ta share. Mutumin nan ne da ya ji tana tari ranar da ta tare, washegari ya shigo da zuma a kwalba ya ce wa Inna Hajo a ba wanda ke buƙata.

Ran Laraba da safe ta zuba masa dambu da zogale a kula, ta ɗora murfi ta murɗa.

Cii.

Kullum murfin na yin haka, robar da ke zagaye da bakinsa ce ke goga jikin kular, kuma ba ta taɓa kulawa ba. Amma yau hannunta ya tsaya cak. Ta kwance murfin kaɗan. Cii. Ta sake ɗaurewa. Cii.

Ta zauna daɓas a kan kujera 'yar tsugunno. Litinin da Alhamis Baba ne ke azumi, ba ta zuba masa komai. Ran Juma'a daga masallaci gida yake dawowa ya ci abinci, ba ya tafiya da kula. In ya isa shago kuwa, kayan da yake fara shiga ya ajiye kafin ya ɗauko sukundireba, ai kular ce. In ya dawo gida ma ita yake fara kwancewa ya miƙa wa Inna. Kuma mazauninta a kan mashin daidai saman inji ne, inda girgiza ta fi yawa. Shekara arba'in yana sauraron ƙarfe, bai taɓa ɗaukar kwanon abinci a cikin kayan mashin ba.

Ta kai kular bakin zaure ta ajiye kamar kullum. Ta laɓe tana jin yana ɗaure igiya, ya buga mashin. Ɗan tsakon ya kama kuka, ya bi lungu yana yi har ya ɓace.

To yanzu wa za ta gaya wa? Baba dai bakinta ba zai iya ba. Ta tsaya gabansa ta ce, "Baba, injin da ka sauke lafiyarsa ƙalau, kulata ce"? Ko a mafarki. Inna Hajo kuwa, in ta ji da hantsi, kafin azahar maƙwabta sun ji, kafin la'asar Malam Hamisu ya ji, daga nan kuma har abada sunan Baba ya zama wanda kular abinci ta sa ya sauke inji.

Ta shige ɗaki ta kira mijinta a waya, ta faɗa masa da raɗa. Nafi'u ya yi dariya har ta ji yana tari.

"Yaya, don Allah ka daina. Baba fa ba ya cin abinci. Kai ka kira shi ka gaya masa."

"Ni? Maijidda, ki rufa min asiri. Ni da ko facin taya ban iya ba, in kira Baba daga Kafanchan in koya masa aikinsa? Ai gara ya ji daga bakin akuya. Ki canza kwano kawai. Kuka ya mutu, kowa ya huta."

Shawarar ta kwanta mata. Ta wanke kula ta tura can ƙuryar kabet. Ran Asabar ta ɗauko tsohon kwanon samira ta ɗaure da ƙyalle.

Inna Hajo ta dube ta. "Ina koriyar taki? Ko amarcin ya ƙare?"

"Na ajiye ta ne, Inna, ta ɗan sha iska."

"Kula ce ke shan iska? To, Allah Ya ba ta lafiya."

Mashin ya fita shiru, ya dawo shiru. Lahadi haka, Talata haka, Laraba haka. Maijidda har ta fara 'yar waƙa a madafa. Da yammacin Larabar ta ji muryar Baba a zaure da ɗan ƙarfinta na da.

"Hamisu, kwana bakwai ke nan bai yi ba."

"Wa? Ɗan tsako? Haba, Mai Kunne! Ai ɗazu da ka wuce ta gaban shagona sai da na leƙo, na zaci masu kaji ne suka sauke kaya. Ko ba haka ba, jama'a?"

Sauran dattawan, da suka saba da wasan taubasan nan biyu, suka amsa a tare, "Haka ne kuwa. Mu ma da ka shigo lungu mun ji." Jira suke Malam Zailani ya tashi ya yi musu tas kamar yadda ya saba, a yi dariya a watse. Bai tashi ba.

"Kun ji shi?" Muryarsa ta yi sanyi.

"Raɗau."

"Yau ɗin nan?"

"Yau ɗin nan."

"To," in ji shi. Ya ɗauki butarsa ya shige gida tun ba a kira salla ba.

Maijidda ta miƙe tsaye a tsakar ɗaki. Ƙarya suke, kula na nan cikin kabet, tana ganin gefenta. Ta leƙa ta labule. Baba na zaune a rumfa ya zuba hannuwa a kan gwiwa.

"Hajo, shi ke nan. Da ina ji, ban san inda yake ba. Yanzu jin ma ya tafi. Kwana bakwai ina murna ya warke, ashe ni ne na daina ji."

"Malam, Hamisu ne fa. Yaushe maganar Hamisu ta zama abin dafawa?"

"Mutum huɗu suka ce sun ji. Ran Asabar zan je in kwaso kayan aikina, in miƙa wa mai wuri makullinsa. Gara in bari da mutuncina kafin in lalata wa wani mashin."

Inna Hajo ta tashi ta zuba masa ruwa a buta.

Ran Alhamis ta yini tana bitar maganar a zuci. Kalma biyar ce ko shida, ba wani abu ba. Da aka sha ruwa ta kai masa kunu rumfa, ta durƙusa, ta ajiye, ba ta tashi ba.

"Baba."

"Na'am," ya ce wa bango.

Ta buɗe baki, amma ba maganar da ta shirya ce ta fito ba.

"Barka da shan ruwa."

"Barka kadai."

Ta tashi ta koma madafa ta zauna ta riƙe kai. Saura Juma'a kaɗai.

Ran Juma'a aka yi ruwa da azahar, ya ɗauke bayan an sakko daga masallaci. Malam ya taɓa abinci kaɗan ya ture. Ya zauna a rumfa, rediyo na ta labarai a gefensa, ya ɗauko sukundirebarsa mai jan mariƙi yana gogewa da tsumma a hankali, kamar mai sallama da ita. Inna Hajo na kusa da shi tana tsince shinkafa a faifai. Karyayyen indararo na ɗiga a cikin bokiti.

Madafar gidan tana can ƙarshen tsakar gida, bayan rijiya da turken awaki. Maijidda ta je ɗaki ta ciro kula, ta ɓoye ta a ƙarƙashin mayafi, ta shiga madafa ta zauna bayan ƙyaure. Babu komai a cikin kular. Ta rungume ta a cinya, ta yi bisimilla, ta murɗa murfin.

Cii.

Ta leƙa ta tsagar ƙyaure. Baba na ta gogar sukundireba. In fa da gaske kunnen ya tafi? Ta sake murɗawa, gaba da baya, gaba da baya, yadda girgizar inji za ta yi.

Cii-cii-cii.

Hannun Baba ya tsaya. Kansa ya karkata.

"Hajo, wa ya taɓa mashin?"

"Wane mashin? Yana zaure a kafe."

Ya tashi ya nufi zaure ko takalmi bai sa ba. Ya daɗe kaɗan, ya dawo yana girgiza kai. Yana shirin zama Maijidda ta sake yi.

"Ga shi nan! Kin ji?"

"Ni ba na jin komai sai rediyonka da ɗigar ruwa. Malam, ka zauna, kada mutane su ce abin ya taɓa kai."

"Yi shiru."

Bai ma kashe rediyon ba. Ya lumshe ido yadda yake yi a shago, sukundireba a hannu, ya fara takowa cikin tsakar gida a kan jiƙaƙƙiyar ƙasa. Taku biyu ya tsaya. Maijidda ta yi cii. Ya juya hagu, ya kewaye rijiya ido a rufe. Ya tsaya wajen awaki, ya saurara, ya girgiza kai. Cii. Ya miƙe sak zuwa madafa, wurin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba tun da aka kawo amarya gidan.

Maijidda ta so ta daina, ta so ta jefa kular cikin murhu ta haura katanga ta tafi Gyallesu. Amma hannunta ya sake murɗawa sau ɗaya.

Ya tura ƙyaure da bakin sukundireba, ya buɗe ido. Ga surukarsa a takure a kan kujera, rungume da koriyar kula, mayafi ya rufe mata har hanci.

Da sauri ya juya fuskarsa ga bango. Ita kuma ta sunkuya kamar za ta shige cikin kular. Can wajen turke akuya ta yi atishawa.

"Hajo," ya ɗaga murya, "a ce wa yarinyar nan ta sake."

Inna Hajo ta riga ta iso da faifanta a hannu. "Ta sake me? Yarinyar nan, an ce ki sake."

Cii.

"A ce ta ajiye a ƙasa."

Maijidda ta ajiye kular a bakin ƙofa ta ja da baya har ta jingina da tukunya. Malam ya tsuguna, ya ɗora bakin sukundireba a kan murfin, ya manna kunne a mariƙi, ya murɗa da ɗaya hannun. Ya yi haka sau uku, fuskarsa a ɗaure kamar wanda aka kawo wa babban aiki.

"Robar murfi ce," ya ce. "Ta bushe, tana goga baki."

Ya ɗauki kular ya nufi zaure, Inna Hajo na biye da shi, Maijidda kuma ta lallaɓo ta tsaya bayan ƙofa. Ya ɗora kula a mazauninta ya ɗaure, ya buga mashin. Cii-cii-cii ya cika zauren. Ya danna murfin da gwiwa, tsit. Ya ɗaga gwiwa, cii-cii-cii. Ya kwance kular ya riƙe a hannu, injin ya yi ta aikinsa sumul.

Inna Hajo ta ajiye faifai a ƙasa ta dafa bango. Dariya ta hana ta magana sai da ta share hawaye. "Wayyo cikina! Malam, ashe duk makonnin nan abincin ranarka kake wa jinya. Har inji ka sauke! Da ka buɗe murfi ka tambayi dambun, ai da ya gaya maka."

Malam ya kashe mashin. Gemunsa na motsi, yana ƙoƙarin riƙe fuska. "Yi dariyarki. Amma ki amsa min abu ɗaya. Da muna zaune a rumfa, kin ji kukan nan?"

"Ban ji ba."

"Rediyo na yi, ruwa na ɗiga, daga can bayan rijiya, ƙyaure a rufe. Kin ji?"

"Na ce ban ji ba."

"Ni na ji."

Ya faɗe ta a hankali, ya sake faɗa wa kansa, "Ni na ji." Sai kuma ya ɗago kai. "Tsaya. Tun Asabar a samira ake zuba min abinci. Wato ran Laraba babu wani kuka. Hamisu! Ɗan banzan taubashi, ashe ƙarya ya shirga min, har da shaidu uku."

"Ai na gaya maka."

"Hajo, maganar nan kada ta wuce zauren nan."

"Ni? Yaushe na taɓa fitar da magana?" Idonta na kan takalmanta na fita.

"Ki ba ni gobe kaɗai. Ba ya ce mashin ya tuba ba? Gobe zan tsaya a ƙofar shagonsa da babbar riga ta rufe kular, a gaban jama'arsa. In ce wa mashin ‘yi tasbihi', ya yi. In ce ‘ya isa', ya yi shiru. Mu ga littafin da zai buɗe."

Ya juya kular a hannunsa, ya buɗe murfin ya leƙa. Wankakkiya ce tas, a bushe. Ya tsaya yana kallon cikinta. Yau Juma'a, ba ranar zuba abinci ba, kuma babu abin da zai sa mutum ya zauna bayan ƙyaure yana murɗa murfin kular da babu komai ciki. Maijidda, daga inda take laɓe, ta ga lokacin da ya gane.

Ya gyara murya. "Hajo, a gaya wa yarinyar nan..."

Bai ƙarasa ba. Ya rufe kular, ya ajiye ta a bakin ƙofar da Maijidda ke baya, ya dubi bango kamar yadda ya saba.

"Allah Ya yi miki albarka."

Inna Hajo ta zaro ido. "Miki? To ni yau an sallame ni daga aiki ke nan?"

Maijidda ta ce "amin, Baba" da muryar da ita kanta da ƙyar ta ji. Malam ya gyaɗa kai, ya ji. Ta miƙo hannu ta jawo kular, ta ruga ɗaki.

Ran Asabar da safe ta dafa shinkafa da wake, ta zuba a koriyar kula har baki. Ta ɗauko man gyaɗa za ta shafa wa robar murfin, sai ta ji muryarsa daga rumfa.

"Hajo, a ce kada a shafa wa robar nan komai. Ina da aiki da ita yau."

Ta mayar da kwalbar man, ta murɗa murfi ta kai bakin zaure. Ta ji sallamarsa mai ƙarfi, awaki suka amsa. Daga bayan ƙofar zaure ta hango ƙasan babbar rigarsa da jan mariƙin sukundireba ya leƙo daga aljihu. Mashin ya tashi, ɗan tsako ya kama kuka, suka bi lungu tare suka nufi hanyar kasuwa.